Darasi: Zafi da Maganaɗisu a Wayar Lantarki, da Yadda Ake Tsare Gida

Idan ana guga da dutsen guga na lantarki, ƙasan dutsen yakan yi zafin da zai ƙona yadi in aka yi sakaci, amma wayar da ta taho daga soket, ko an riƙe ta a hannu, da ƙyar za a ji ɗuminta. Wutar da ta bi ta wayar ita ce ta shiga dutsen, ba a ƙara mata komai a hanya ba. To me ya sa wuri ɗaya ya yi zafi, ɗayan bai yi ba?

Duk inda wutar lantarki ta bi ta cikin waya, abu biyu take haifarwa, ko an so ko ba a so ba: zafi a jikin wayar, da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Da zafin ake guga, ake dafa ruwa. Da maganaɗisun fanka ke juyawa, famfon rijiyar burtsatse ke ɗago ruwa, lasifikar masallaci ke fitar da murya. Zafin nan kuma shi ne ke cinye gidaje da shaguna in ya taru inda ba a shirya masa ba. Na'urorin da ke kare mu daga gobara su ma da waɗannan halaye biyu suke aiki, shi ya sa muka haɗa su a darasi guda.

Ma'auni huɗu

Bolt shi ne ƙarfin da ke ingiza wuta ta bi waya, kuma a jikin kaya da harafin V ake rubuta shi. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na mota 12, wutar gida kuwa kimanin 230 a Najeriya, 220 a Nijar. Amfiya, mai harafin A, ita ce yawan wutar da ke wucewa ta cikin wayar. Wat, mai harafin W, shi ne yawan cin wutar na'ura. Idan aka ninka bolt da amfiya, wat ake samu. Idan aka raba wat da bolt, amfiya ke fitowa. Na huɗun ita ce turjiya, wato tirjewar da waya ke yi wa wutar da ke son wucewa, ana auna ta da om.

Inda zafi ke fitowa

Ku tuna ranar kasuwa. Jama'a na tafe a kan titi mai faɗi, kowa na walawa, sai aka iso ƙaramar ƙofa guda ɗaya. Nan ake cunkoso da ture-ture, nan ake haɗa gumi. Haka wuta take a cikin waya: inda hanya ta buɗe ba ta haddasa zafi mai yawa, inda turjiya ta yi yawa kuwa nan zafi ke taruwa. Siririyar waya ta fi kakkaura turjiya, doguwa ta fi gajera, kuma ƙarfe ya fi ƙarfe.

Wayar da ke tahowa daga soket ta jan ƙarfe ce, mai sauƙin bi. Wadda ke cikin dutsen guga da hita da risho na lantarki kuwa nikurom ce, haɗin nikel kashi 80 da kuromiyam kashi 20 cikin ɗari. Turjiyarta ta ninka ta jan ƙarfe fiye da sau sittin, kuma tana iya yin jawur ba ta narke ba, ba ta ci tsatsa da wuri ba. Da gangan aka zaɓe ta don zafin ya taru a nan. Tsohon kwan lantarki ma haka yake: siririn zaren tangistin da ke cikinsa yana kaiwa kimanin digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyos kafin ya ba da haske, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama. Dalili ke nan da kwan zamani na LED mai wat 10 yake haska ɗaki kamar tsohon mai wat 60.

Wanda ya fara auna wannan zafi da kyau shi ne James Prescott Joule, mutumin Salford kusa da Manchesta a Ingila, tsakanin 1840 da 1841. Ya naɗe waya ya tsoma ta cikin ruwa, ya saki wuta ta bi ta ciki, yana duba yadda ɗumin ruwan ke hawa. Abin da ya gano shi ne ƙashin bayan wannan darasi, don haka ku riƙe shi da kyau. Idan turjiya ta ninka biyu, amfiya ba ta canza ba, zafi ma ya ninka biyu. Amma idan amfiya ce ta ninka biyu a waya guda, zafi sau huɗu yake ninkawa. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Ɗan ƙarin lodi da mutum ke ganin bai taka kara ya karya ba, a cikin waya babban ƙari ne.

Wannan doka ce ta sa manyan layukan da ke ɗauko wuta daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro suke ɗauke da bolt 330,000. Idan aka ɗaga bolt sau goma, amfiyar da ake buƙata don kai wuta iri ɗaya ta ragu sau goma, asarar zafi a hanya kuma ta ragu sau ɗari. Sai an iso gari ake sassauko da ita zuwa 33,000 da 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita wadda za ta shiga gida.

Lissafin lodi

A wutar gida mai bolt 230, kowane wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗan ɗoriya, wato 4.3. Fulogi mai ƙafa uku da soket ɗinsa, irin waɗanda aka fi amfani da su a Najeriya, iyakarsu amfiya 13, kimanin wat 3,000 ke nan.

Mu ɗauki safiyar hunturu. Uwargida ta sa hita mai wat 1,500 a bokiti don wankan yara, ta jona butar shayi mai wat 2,000, maigida kuma na guga da dutse mai wat 1,000, duka a kan soket mai doguwar waya guda ɗaya, wanda ake kira estenshan. Jimilla wat 4,500. A raba da 230, a samu kusan amfiya 20. Bisa dokar Joule, zafin da ke cikin wayar ya ninka abin da aka yi ta dominsa fiye da sau biyu, in ma mai kyau ce. Ta araha, wadda in an feɗe ta za a ga 'yan siraran zaruruwa, ba ta ma kai amfiya 13 ba tun farko. Robar jikinta za ta yi laushi, ta narke, wayoyin ciki su haɗu. Idan kuma an tura ta ƙarƙashin kafet ko bayan katifa, zafin ba shi da mafita.

Shi ya sa masu wayarin na kirki suke bambanta kaurin waya: murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya irin su na'urar sanyaya ɗaki da risho. A wajen sayen waya araha ba ta ado. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. In aka kankare ta da wuƙa sai farin cikinta ya bayyana. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da kimanin kashi 60 cikin ɗari, saboda haka a kauri ɗaya ya fi yin zafi.

Akwai kuma zafin da ba lodi ne ke kawo shi ba, sako-sakon haɗi ne. Inda aka murɗe wayoyi biyu da hannu aka naɗe da leda, inda kusar soket ta kwance, inda aka cusa tsirarar waya a ramin soket aka toshe da tsinken ashana, duk wuta na matsawa ne ta ɗan ƙaramin wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Turjiya ta taru a wuri guda, zafi ya bi ta. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi, ko yake ƙaurin roba, ko yake ƙara ƙir-ƙir, ya riga ya ba da sanarwa. A daina amfani da shi a ranar.

Masu sola su kula da wani abu da ake yawan mantawa. Ganin batiri bolt 12 ne kawai, sai a ɗauka ba shi da haɗari. Gaskiya ne da wuya ya ja mutum, amma inbata mai ba da wat 1,000 tana zuƙar fiye da amfiya 80 daga irin wannan batiri. Wayar da ke tsakaninsu dole ta kasance kakkaura, gajera, a ɗaure tamau, da fis kusa da kan batirin.

Maganaɗisun da ke kewaye da waya

A shekarar 1820, wani malamin jami'ar Kofanhegan a ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan ya saki wuta a waya, allurar kamfas da ke kusa tana karkacewa. Kamfas ɗin irin wanda ake neman alƙibla da shi ne, kuma ba abin da ke juya allurarsa sai maganaɗisu. In ya juya kan batiri, allurar ta karkata ɗaya ɓangaren. In ya yanke wuta, ta koma nuna arewa. A nan aka tabbatar cewa wuta mai tafiya tana da maganaɗisu a kewayenta.

Na miƙaƙƙiyar waya ba shi da ƙarfi sosai. Amma in aka naɗe ta zagaye bisa zagaye, ƙarfin kowane zagaye yana haɗuwa da na ɗan'uwansa, in kuma aka sa baƙin ƙarfe a tsakiya sai ya ninka ƙwarai. A 1825 William Sturgeon na Ingila ya nuna wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyin kimanin giram 200 da ya naɗe da waya, ya ɗaga nauyin kilo 4 da shi. Fifikon wannan maganaɗisu a kan na dutse shi ne ana kunna shi, ana kashe shi, ana ƙara masa ƙarfi da ƙarin amfiya ko ƙarin naɗi.

Kuna iya gwadawa a aji. Ku samo doguwar ƙusa, da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, da batirin tocila guda ɗaya. Ku naɗa wayar a jikin ƙusar kamar sau arba'in, ku feɗe bakunanta biyu, ku danna su a kai da gindin batirin, sannan ku kusantar da ƙusar ga allurai. Za ta ɗebe su. Ku saki baki ɗaya, yawancinsu za su zube. Kada ku riƙe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, don za ku ji wayar ta fara zafi a yatsunku: halayen biyu ke nan a lokaci guda. Wannan gwaji da batirin tocila kaɗai ake yin sa. Ba a yin sa da batirin mota, balle wutar gida.

Naɗin waya irin wannan, wanda masu gyara ke kira koyil, shi ne cikin kowace mota ta lantarki, wato injin da ke juya na'ura, daga ta fanka zuwa ta firji. Maganaɗisun koyil ɗin yana ja yana turawa har sandar tsakiya ta juya. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa abin yana komawa baya: in aka motsa maganaɗisu kusa da koyil, wuta na samuwa a cikinsa. Da wannan janareto ke aiki, da shi injinan Kainji ke aiki, kuma da maganaɗisu mai sauyawa taransifoma ke ɗagawa ko sauke bolt. Gurnanin da kuke ji daga gare ta ƙarfen cikinta ne ke rawa.

Idan wuta ta zo ba ƙarfi, motar firji takan kasa tashi. Tana tsaye tana zuƙar amfiya mai yawa, koyil na zafi har rufin wayarsa ya ƙone. Kashe firji a irin wannan lokaci ya fi kai shi wajen mai naɗin koyil sauƙi.

Fis da bireka

A kowace hanyar wuta akwai wurin da ya fi ko'ina rauni, kuma in lodi ya wuce kima, nan ne zai fara ƙonewa. Hikimar fis ita ce mu zaɓi wannan wuri da kanmu. Siririyar waya ce da aka auna ta narke in amfiya ta wuce adadin da aka rubuta, aka killace ta cikin tangaran ko gilashi inda ƙonewarta ba za ta kama komai ba. Da ta narke hanya ta yanke. A cikin fulogi mai ƙafa uku akan sami fis na amfiya 3 ko 5 ko 13. Na 3 ya ishi abin da bai wuce wat 700 ba. A Nijar, inda aka fi amfani da fulogi irin na Faransa mai zagayayyun ƙafafu, babu fis a cikinsa, tsaron yana can wajen bireka.

Yanzu ku dubi abin da ake yi a gidaje da yawa. Fis na kat-awut ya ƙone, sai a samo kakkaurar wayar jan ƙarfe a ɗaura, ko a naɗe na fulogi da takardar gwangwani ta kwalin sigari. Wuta ta dawo, kowa ya yi murna, har a yaba wa wanda ya yi dabarar cewa nasa ba ya ƙonewa. Lallai ba zai ƙone ba, jan ƙarfe sai ya haura digiri 1,000 yake narkewa. Amma raunin bai gushe ba, wuri ya sauya. Ya koma cikin silin, ko bayan durowa, ko wani tsohon haɗi da ke kusa da katakon rufi. A ganina babu ɗabi'ar da ta fi wannan haɗari a sha'anin wutar gidajenmu, domin mai yin ta yana jin gyara ya yi. Fis ɗin da ya ƙone aikinsa ya yi. Abin yi shi ne a nemo dalili, a rage lodi ko a gyara inda wayoyi suka haɗu, sannan a sa wani mai lamba iri ɗaya.

Bireka aikin fis take yi, sai dai ba ta ƙonewa, faɗuwa take a sake ɗaga ta. A cikinta akwai masu gadi biyu. Na farko ɗan falle ne na ƙarafa biyu da aka manne, waɗanda zafi ba ya miƙar da su daidai. In lodi ya yi yawa, fallen ya ɗumama, ya lanƙwashe a hankali har ya saki makunni. Na biyu ƙaramin koyil ne. In waya mai wuta ta haɗu da ta komawa kai tsaye, amfiya takan yi tsalle zuwa ɗaruruwa, maganaɗisun koyil ɗin ya fizgi makunnin nan take. Birekar da ke yawan faɗuwa ba a musanya ta da mai babbar lamba, sai in an sauya wayar ma da mai kauri. Ita wayar take karewa.

Fis da bireka da makunni duk a kan waya mai wuta ake sa su, wadda masu gyara ke kira layif, mai launin ƙasa-ƙasa ko ja a tsohon tsari. Ta komawa shuɗiya ce ko baƙa. In aka sa makunni a kan ta komawa, fitila za ta mutu amma wuta na nan a mazaunin kwan tana jiran mai canza shi.

Abin da fis ba ya gani

Fis yana kare waya da gini, bai san jikin mutum ba. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ana jin sa a fata. Kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin dubu kan sa hannu ya ƙanƙame waya ya kasa saki. Daga 50 zuwa 100 cikin dubu, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Duk wannan bai kai ko amfiya guda ba, fis mai lamba 13 ba zai motsa ba. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen jiki kan sauko zuwa kimanin om 1,000, kuma a bolt 230 wannan ya ba da hanyar kashi 230 cikin dubu na amfiya. Saboda haka ba a tsoma hannu a bokiti don jin ɗumin ruwa alhali hita na jone. A zare fulogi tukuna. In kuma an ɗauke wuta hita na ciki, a zare ta nan take, don in aka dawo da wuta ba kowa, ruwan zai ƙafe, bokitin roba ya kama.

Abu biyu ke kare mutum. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin ƙarfe na firji ko injin wanki da sandar da aka kafa cikin ƙasa. In waya mai wuta ta taɓa jikin na'urar, wutar ta sami hanya mai sauƙi ba ta jikin mai taɓawa ba. Doguwar ƙafar fulogi ta sama ita ce tata, kada a karya ta. A ƙasa mai yashi da ke bushewa ƙayau da rani, sandar na buƙatar zurfi kafin ta yi aiki. Na biyu wata bireka ce ta musamman, da za ku ga an rubuta mata RCD ko RCCB da 30mA. Wayar tafiya da ta komawa duk suna ratsa zobe guda a cikinta. Muddin abin da ya tafi shi ya dawo, maganaɗisun ɗaya na kashe na ɗaya. Da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya ya zurare ta wata hanya, ko da ta jikin yaro ce, sai ta yanke wuta kafin daƙiƙa guda ta cika. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T. A riƙa danna shi lokaci-lokaci. Duk mai sabon gini ya nemi mai wayarin ya sa masa ita.

Mai janareto kuma ya sa makunnin sauya layi. In aka jona janareto kai tsaye ba a raba gida da layin waje ba, wutar na iya komawa ta taransifoma, ta hau zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layi a kashe yake.

Idan abu ya faru

Wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, ko a ture wayar da busasshen itace ana tsaye a busasshen wuri. In layin babbar wuta ne ya faɗo, ko itace ba a sa wa. A yi nesa, a hana jama'a matsowa, a kira ma'aikatan wuta. Wanda ya suma ba a ɗura masa madara ko ruwa. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, domin wuta na ƙuna a ciki. Gobarar lantarki kuwa ba a watsa mata ruwa sai an tabbatar an yanke wuta; yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda su suka dace.

Aikin gida

Wani tela yana da dutsen guga mai wat 1,200, da keken ɗinki mai mota wat 250, da fanka mai wat 75, da kwan lantarki huɗu masu wat 10 kowanne. Ku lissafa amfiyar da shagon ke ja a bolt 230, ku faɗi ko zai iya ƙara butar shayi mai wat 2,000 a kan soket guda mai amfiya 13.

Sannan kowa ya duba bayan kayan wuta uku na gidansa ko wurin sana'arsa, ya kwafo lambar da ke gaban harafin W. Ku kuma duba akwatin birekarku da ido kawai, ba tare da kwance murfin ciki ba, ku rubuto lambobin da ke jikin kowace bireka, da ko akwai mai maɓallin T. Ku zo da su aji mai zuwa, da su za mu yi lissafi.